Filin Adabi: Ina Uwar Yarinyar Da Aka Sace?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na adabi, inda muka saba haɗuwa wata-wata mu baje littafi a faifai, mu tsince tsakuwa mu bar tsaba. Muna godiya ga dukkan waɗanda suka aiko mana da wasiƙu daga Sabha da Murzuk da Ubari, da kuma 'yan'uwa na gida Nijar da Nijeriya. Waɗanda ba su ga amsar tasu ba tukuna su ƙara haƙuri, in Allah ya yarda kowa zai ji nasa.

A wannan wata za mu tsaya ne a kan wasiƙa guda ɗaya tak, wadda wata baiwar Allah ta aiko mana daga nan Ghuddwa, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta yi karatun sakandare a gida kafin aure ya kawo ta ƙasar Fezzan, don haka tana karanta Turanci. Ta ce wata ƙawarta ce ta turo mata wani littafin soyayya ta waya, ta kwana uku tana karatu ba ta runtsa da kyau ba, har tuwo ya taɓa ƙonewa a kanta. Ta ce da farko jarumar littafin ta ba ta haushi saboda rawar kai da yawan tsiwa, amma jarumin ya kwanta mata a rai ƙwarai, har ta yi ƙwalla a ƙarshe, ta kuma ji da ma mazan duniyar nan su koyi halinsa. Bayan ta rufe littafin sai kunya ta kama ta, domin jarumin nan ba ɗan Adam ba ne, yarinyar kuma sato ta aka yi. Tambayarta ita ce, shin laifi ne mutum ya ji daɗin irin wannan labari?

To, 'yar'uwa, kafin mu ba ki amsa bari mu fara sanar da sauran masu karatu littafin da ake magana a kai. Sunansa Ice Planet Barbarians, wato kamar a ce ƙauyawan duniyar ƙanƙara. Wata marubuciya 'yar Amurka mai amfani da sunan Ruby Dixon ce ta wallafa shi da kanta a 2015, ya yi shekaru a hannun masu sha'awar irinsa kawai, sai a 2021 matasa suka yayata shi a TikTok, ya shiga sahun littattafan da aka fi saye, har kamfanin Berkley ya karɓa ya sake buga shi a ƙarshen wannan shekara. Littattafan da suka biyo bayansa a jere sun haura 20. Wajibi ne mu faɗa tun yanzu cewa littafi ne da yake cike da batsa tsirararta, ba na yara ba ne, babba ma mai kunya zai yi ta tsallake shafi. Ba tallarsa muke yi ba. Sai dai tunda ya riga ya shigo ɗakunan matanmu ta cikin waya, yin shiru a kansa ba zai fitar da shi ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata budurwa mai suna Georgie, 'yar jihar Fulorida, ta kwanta barci a ɗakinta, ta farka ta gan ta a cikin kumbo tare da waɗansu 'yan mata, an tsare su kamar dabbobin da za a kai kara. Waɗansu halittu ne daga wata duniya suka sato su domin su sayar. Kumbon ya sami matsala a hanya, ɓarayin suka sauke ɗakin da matan suke ciki a wata duniya mai tsananin sanyi da niyyar su dawo su ɗauka. Georgie ta fita neman agaji, ta faɗa tarkon wani maharbi mai suna Vektal, dogo, shuɗin fata, mai ƙaho da wutsiya, wanda shi ne shugaban wata 'yar ƙabila da matanta suka kusa ƙarewa. Iskar wannan duniya guba ce ga duk wanda bai bari an sa masa wata 'yar halitta mai suna khui a jiki ba, wanda kuma aka sa wa ita ba ya iya barin wurin har abada. Daɗin daɗawa, ita wannan halitta ita ce take zaɓa wa mutum abokin zama, ta hanyar yin gurnani a ƙirjinsa idan ya kusanci wanda ta ga za su haihu tare. Ta Vektal ta yi gurnani a kan Georgie. A ƙarshe matan suka amince aka sa musu khui, suka zauna.

Abu na farko da muka lura da shi a wasiƙar 'yar'uwarmu shi ne, ko sau ɗaya ba ta yabi ƙahon Vektal ko shuɗin jikinsa ba. Abin da ta lissafa shi ne, yana farauto nama ya fara ba ta kafin ya ci, yana goya ta idan ta gaji, yana tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, yana wahalar koyon maganarta, ba ya ɗaga mata murya, ba ya kallon wata. Idan muka ƙara da cewa a wannan duniyar ƙanƙara babu kishiya, babu uwar miji, babu dangin miji masu ƙirga loma, babu kuɗin haya, babu barazanar saki, sai mu gane inda daɗin littafin yake. Ruwa ba ya tsami banza. Matar da aka ɗauko daga Maraɗi ko Katsina aka ajiye a ɗaki ɗaya a tsakiyar Sahara, ba ta jin Larabci, ba ta da uwa kusa, miji ya fita gona ko wurin gini tun asuba sai dare, ya dawo ba sannu ba madalla, ita ma ai a wata duniyar take. Idan ta karanta labarin baƙuwa a ƙasar da ba ta sani ba wadda ta dace da mai riritata, dole zuciyarta ta motsa. Saboda haka amsarmu ta farko ita ce, son a kula da ke ba laifi ba ne, haƙƙinki ne. Magidanta kuma su ji da kyau: abin kunya ne a ce dodo mai wutsiya ya fi mu iya zama da iyali.

Abu na biyu, kada wani ya ɗauka cewa labarin wata halitta ta sace mutum ta kai shi duniyarta baƙon abu ne da Turawa suka ƙago. Mun gaje shi kaka da kakanni, sai dai mu da aljanu muke ba da shi. Ita kanta kalmar hurafa da malamai suke kiran labarin ƙanzon kurege da ita, an ruwaito cewa sunan wani mutum ne daga ƙabilar Uzra wanda aka ce aljanu sun ɗauke shi, ya daɗe a cikinsu, da ya dawo yana ba da labarin abin da ya gani sai mutane suka riƙa jingina masa duk wani zance mai wuyar gaskatawa. An kuma ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar wani mutum ya ɓace, aka umarci matarsa ta jira shekara 4 sannan ta yi idda, ta yi wani aure, sai ga shi ya dawo yana cewa aljanu ne suka kama shi, Halifa ya ba shi zaɓi tsakanin matarsa da sadakinsa. Malam Badaruddin Shibli, wanda ya rayu a ƙarni na 8 na Hijira, ya tattara irin waɗannan ruwayoyi a littafinsa Akamul Marjan. A irin waɗannan littattafai ne ake kawo cewa mutanen Yaman sun tambayi Imamu Malik game da aljanin da ya zo neman auren 'yarsu, ya nuna ƙin abin, domin gudun kada duk wadda aka gani da ciki ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Dubi hangen nesa irin na magabata.

A ƙasar Hausa kuwa wane ne bai taɓa jin zancen namijin dare ko matar dare ba, ko budurwar da aka ce aljani ya aure ta shi ya sa manema suke gudu? Nan Fezzan ma, a kusa da Ghat, akwai dutsen Idinen da Larabawa suke kira Kaf Ejnun, wanda Buzaye suke cewa fadar aljanu ce. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya ƙi jin gargaɗinsu ya hau shi a 1850, ya ɓata, ƙishirwa ta kusa kashe shi kafin a tsinto shi. Rubutaccen adabinmu ma bai bar wannan fage ba. A cikin So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, aljana ce ta shiga tsakanin Boɗaɗo da mijinta Yasir. Tun kafin nan, a 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata har Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sararin sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya yi yawo da shi.

Su Turawa da suka rage yarda da aljanu sai suka mayar da labarin kan mazauna taurari. A 1957 wani manomi a Barazil, Antonio Vilas-Boas, ya ce an ja shi cikin wani jirgi an haɗa shi da wata mace da ba 'yar Adam ba. A watan Satumba na 1961 wani ma'aikacin gidan waya a Amurka, Barney Hill, da matarsa Betty, suka ce an tare su a hanya da dare a jihar New Hampshire an shigar da su kumbo an yi musu gwaje-gwaje, labarin da aka buga a littafi a 1966, ya zama uwa ga dubban irinsa. Har yau babu wanda ya kawo hujja ta zahiri. Wata mai binciken halayyar ɗan Adam da ta yi aiki a Jami'ar Harvard, Susan Clancy, ta zauna da masu irin wannan iƙirari, ta fitar da littafi a 2005 inda ta nuna cewa da yawansu abin ya faro musu ne daga farkawa cikin dare jiki ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi, ana ganin kamar wani abu a tsaye a ɗaki. Wannan ai shi ne dannau, wanda Larabawa suke kira jasum. Abin da ya danne Bahaushe shi ya danne Ba'amurke, kowa ya ba shi suna daga cikin abin da ya tashi yana ji.

To, idan labarin tsoho ne, mene ne abin dubawa a wannan sabon? Shi ne yadda aka ɗaura wa sata aure da soyayya. Wannan ma yana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu mazauna hamada. A 1919 wata Baturiyar Ingila, E. M. Hull, ta rubuta littafi mai suna The Sheik, inda wani shugaban Larabawa, Ahmed Ben Hassan, ya sace wata budurwa Diana Mayo a saharar Aljeriya, ya tsare ta a tantinsa, ya yi mata fin ƙarfi, daga baya wai ta kamu da sonsa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, aka mayar da shi fim a 1921. Da yake masu karatun wancan zamani ba za su jure ganin Baturiya ta ƙare da Balarabe ba, sai marubuciyar ta bayyana a ƙarshe cewa ashe uban Ahmed basaraken Ingila ne, uwarsa kuma 'yar Sifen. Wato kafin marubuta su hau sama neman baƙon da zai sace budurwa, mutumin Sahara mai rawani shi ne dodonsu. Da zamani ya sauya, aka fara jin nauyin yi wa wata al'umma wannan fenti, sai aka shafa wa dodon shuɗi aka dasa masa ƙaho, domin babu ƙungiyar da za ta kai ƙara a madadin mazauna taurari.

Gaskiya ne ita Ruby Dixon ta fi Hull dabara. Ta raba ɓarawo da masoyi: waɗansu ne suka yi satar, Vektal tsintuwa ya yi. Ta kuma sa an tambayi matan ko sun yarda. Amma mu duba yadda aka shirya tambayar. Gida ya yi nisan da babu hanyar komawa. Ɓarayi suna kan hanyar dawowa. Iska tana kashe wadda ta ƙi. Abinci da wuta da mafaka duk suna hannun mazan da suke neman mata ruwa a jallo. A wannan hali ne aka ce wa yarinya ta zaɓa. Hausawa sun ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana, kuma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Bugu da ƙari, haɗuwarsu ta farko ma Vektal ya kai hannu jikinta ne tun tana sume, bai nemi izinin kowa ba, marubuciyar ta wanke shi da cewa khui ɗinsa ce ta shaida masa matarsa ce. Wannan khui kuwa, idan aka cire mata kwalliya, ba ta da bambanci da tsohuwar maganar da ake yi wa yarinyar da aka yi wa auren dole, cewa ta yi haƙuri, so yana zuwa daga baya. Alhali kuwa Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khizam, bazawara ce, ubanta ya aurar da ita ba da son ranta ba, ta kai kuka wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Yarda ba ta cika sai mai yin ta yana da ikon cewa a'a ya kuma kwana lafiya.

Akwai kuma mutum ɗaya da ba a ba shi baki a littafin ba. Labarin duka daga bakin Georgie da Vektal yake fitowa, wannan ya karɓa wancan ya karɓa, don haka mai karatu ba ya taɓa komawa Fulorida ya ga gadon da aka wayi gari babu kowa a kai. Ina uwar yarinyar? Wa ya gaya mata 'yarta ta dace da miji? Mu da muke zaune a Ghuddwa bai kamata wannan tambaya ta wuce mu ba, domin garin nan zango ne a kan tsohuwar hanyar ayari tsakanin Murzuk da Sabha, wadda ta miƙe har Tarabulus. Shekaru aru-aru ana bi ta nan da mutanen da aka kamo daga Barno da ƙasar Hausa, kuma masana tarihi sun tabbatar cewa mata da 'yan mata sun fi yawa a cikinsu, domin aikin gida da sa-ɗaka. Wani hafsan Ingila, George Lyon, ya bi irin wannan ayari daga Murzuk zuwa Tarabulus a 1820, ya rubuta wahalar da ya gani da idonsa. Daular Usmaniyya ta haramta cinikin a 1857, amma ya ci gaba a ɓoye shekaru da dama. Babu shakka a cikin waɗannan mata akwai waɗanda suka faɗa hannun masu tausayi, suka haihu, suka saba, har suka so mazajensu. Wannan bai mayar da kamun da aka yi musu alheri ba.

Marubucin da ya fi kowa gane wannan a adabinmu shi ne marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, a littafinsa Shaihu Umar da aka buga a 1934, bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Umar yaro ne da aka sace, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi a makaranta har ya zama malami. Da Ɓalewa irin marubutan da muke magana ne, da a nan zai tsaya, a tafa, a ce sata ta yi rana. Amma sai ya juya ya bi sawun uwar. Ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, ita ma ta faɗa cikin bauta, aka bi da ita ta Murzuk ɗin nan da ke kudu da mu har Tarabulus, ba ta sake sa shi a ido ba sai da wahala ta gama cinye ta, ta rasu jim kaɗan bayan sun haɗu. Kirkin Abdulkarim gaskiya ne, mutuwar uwar Umar ma gaskiya ce, marubucin bai yarda ɗaya ta rufe ɗaya ba. Wannan shi ne bambancin littafin da yake buɗe ido da wanda yake sa barci. Duk wanda bai karanta shi ba ya nema, ko ya kalli fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a kansa a 1976.

Da ma a ce abin ya tsaya a tarihi. A watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure 'yan Afirka ta Yamma a Sabha a kan dala 200 zuwa 500, matan cikinsu kuma ana tilasta musu abin da baki ba zai iya faɗa ba. A Nuwamban wannan shekara gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a kusa da Tarabulus. Mutanen kirki na Fezzan da muke zaune da su lafiya sun ƙi wannan aiki kamar yadda muka ƙi shi, aikin 'yan ta'adda ne da dillalai, kuma a cikin dillalan har da masu jin yarenmu. A gida kuwa, an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a 2014, 110 daga Dapchi a 2018, 279 daga Jangebe a 2021. Waɗansu daga cikin na Chibok sun dawo bayan shekaru da goyo a baya, an ce da su matan waɗanda suka sace su. Su ma an ba su irin zaɓin Georgie: aure ko yunwa da duka. Yawancin 'yan matan da ake ratso Agadas da su zuwa nan kuwa ba da bindiga aka fito da su ba, da daɗin baki ne, alkawarin aiki ko na aure daga wani da aka sani ta waya, wanda yake kira dare da rana yana tambayar ko an ci abinci. Yarinyar da ta sha karanta cewa baƙo mai ƙarfi yakan ɗauke mace ya kai ta inda za ta huta, ta fi saurin ba irin wannan murya gaskiya. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Shin maganin abin shi ne a hana karatu? Mun ga an gwada. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suke tashe, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu irin su Nasiha, inda Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya musu. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Littattafan ba su mutu ba, sai suka bar teburin mai haya suka koma cikin waya, inda babu malami babu hukumar tacewa, har suka tarar da na ƙetare waɗanda suka ninka su rashin kunya. Abin lura kuma shi ne, waɗancan littattafai namu da aka tsangwama, akasarinsu faɗa suke yi da auren dole, suna neman a bar yarinya ta faɗi wanda take so, a kuma bar ta ta yi karatu. Ta wannan fuska Wa Zai Auri Jahila? ya fi wannan na duniyar ƙanƙara ci gaba nesa ba kusa ba.

Shawararmu ga 'yar'uwa mai wasiƙa da sauran masu karatu ita ce, batsar da ke cikin littafin kanta ta isa dalilin ajiye shi, akwai abin karantawa da yawa wanda ba zai sa mutum ya ɓoye waya idan ɗansa ya shigo ba. Amma kowane labarin soyayya ya zo hannu, na Turanci ne ko na Hausa, na aljani ne ko na attajiri ko na ɗan sarki, a auna shi da tambayoyi uku. Shin yarinyar tana da hanyar komawa gida in ta so? Shin in ta ce a'a za ta ci abinci ta kwana lafiya? Shin marubucin ya tuna da waɗanda aka bari suna kuka? Littafin da ya faɗi waɗannan tambayoyi, ko ya kai zuma daɗi, a san cewa bauta ce aka yi wa lalle.

Iyaye mata da yayye, ku riƙa tambayar 'yan mata abin da suke karantawa, cikin raha ba da tsawa ba, ku ji wane jarumi ne ya burge su da kuma dalili, domin a nan za ku gane abin da suka rasa. Marubutanmu kuma, musamman mata, ga fili nan a buɗe. Shekaru fiye da 50 ke nan da Umaru Dembo ya hau sama da Kilba, ba mu hana kowa ya bi sawunsa ba, a kai mu duniyar wata da ta taurari, a yi soyayya mai tsafta a can. Amma muna jiran wanda zai rubuta mana labarin yarinyar da aka bi da ita ta wannan hanya tamu, ta ga daula ta ga daɗin baki, ta ce ita dai a mayar da ita wurin uwarta.

Allah ya kuɓutar da duk wanda yake tsare a hannun azzalumai, ya mayar da kowane ɗa ga iyayensa, ya sanya tausayi a tsakanin ma'aurata. Masu son tofa albarkacin bakinsu a kan wannan batu ƙofa a buɗe take, a rubuto a taƙaice, a kuma rubuta da kyau yadda za mu iya karantawa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.